Kunnen Babana

Shekara talatin da ɗaya babana Merv ya yi a ƙarƙashin Kalgoorlie,
yana huda dutse, dutse na huda masa kunne.
Zinariyar ta tafi inda zinariya ke tafiya.
Shi aka bar shi da tari, da agogon sallama,
da wani fito a ka wanda ba ya yankewa.

Amma duk Lahadi, a jar ƙasar bayan tudun tarkacen rami,
yana da 'yar motarsa mai rimot, kamu ɗaya da ɗan kai,
mai shan mai, mai ƙaurin man zurma,
mai ihu kamar rina ta faɗa gwangwani.
Da kunne yake saita ta.
Ya durƙusa, ya karkata kai, ya murɗa allurar kafireta
gwargwadon kaurin gashi,
ya ce, "Saurara, Narelle, ƙishi take ji."
Ni dai ƙara kawai nake ji.

Bara kunnen ya ƙarasa rufewa.
Inji biyu ya ƙone a wata guda,
sun yi ta kuka yana kallonsu yana murmushi.
Daga nan ya ɗora ta bisa firjin gareji,
ya lulluɓe ta da tsohon tawul,
ya koma ban ruwan tumatir.

Ɗana Kade ne ya shigo da kwalin,
kuɗin wanke motoci na hutu guda.
Ya rubuta a bayan rasit, don magana ba ta shiga:
Kaka, wannan ba ya shan mai. Ba burushi a ciki, ba abin da zai goge.
Baba ya juya abin a tafin hannu, gajere, mai sanyi, mai nauyin albasa,
ya ce, "Wannan ai gwangwanin kifi ne."
Bai ce a'a ba.

Suka cire tanki. Suka cire salansa.
Noti huɗu, injin ya fito, baƙi, yana naso,
ya bar shatinsa a kan ƙarfe kamar gurbin haƙori.
Hannun Baba na rawa, amma da ya kama dalma sai ya tsaya cak:
waya uku, ɗigo uku, kowanne na ƙyalli.
Tsakanin haƙoran giya ya zura yankin takardar taba,
ya matse, ya zare, ya girgiza da yatsa.
Wannan bai buƙaci kunne ba.

Batir a hagu, aka ɗaure. Kade ya taɓa totur,
tayoyi huɗu suka juya da baya,
motar ta bar tebur ta faɗa kwanon kare.
Rabona da jin dariyar Baba tun jana'izar Mama,
ashe tana nan, ta dai yi tsatsa.
Ya musanya waya biyu, ya ce, "Ko jaki sai an nuna masa gabas."

Lahadi. Zafi ya kai arba'in tun hantsi.
Tsohon Clarrie ya tura hula baya, ya ce ina hayaƙin?
Baba ya ja kunama,
ba gargaɗi, ba tari, ba gyaran murya,
sai ga ta tsaye a kan tayoyin baya,
ta haye tudu, ta yi adungure biyu, ta dira, ta wuce,
ƙura ja na bin ta a makare.
Mu mun ji ɗan siririn fito.
Shi bai ji ba, kuma karon farko
babu abin da ya wuce shi.

Da ta dawo ya durƙusa kamar da,
kai ya fara karkata, sai ya tuna.
Ya ɗora bayan yatsa a jikin gwangwanin, ya ƙirga a zuci,
ya ce, "Ta ɗau zafi. A rage mata haƙori ɗaya."

Tsohon injin na kan tagar kicin, kusa da gishiri.
Na so in goge shi, ya hana.
Wani lokaci in na shigo da asuba
sai in tarar ya kai shi hanci,
ido a rufe.